Yadda Ake Bincikar Wasan Ces da Kwamfuta Ba Tare da Lambobinta Sun Ruɗe Ka Ba

Akwai wata majalisa a Tudun Wadan Gombe, ba nisa da jami'ar jiha, inda muke baje allon ces bayan la'asar mu yi ta bugawa har a kira magariba. Wata Asabar ɗalibai biyu suka gama wasa, wanda aka cinye ya kafe cewa shi ne a sama tun taku na 14, tsautsayi ne kawai ya gitta. Aka ce to a tambayi inji. Aka ciro waya biyu, aka jera allon. Ta farko ta nuna +0.4, ta biyu ta nuna +1.9. Nan take kowa ya rungumi wayar da ta goya masa baya, musu ya dawo ɗanye. Wani dattijo da ke zuwa kallo, wanda shi darar rami da tsakuwa ya sani, ya dube ni ya ce, "Malam, ashe alƙalin naku ma baki biyu gare shi?"

Na ce, "Baba, bakinsa ɗaya ne, masu kai ƙarar ne suka bambanta." Ya yi dariya bai gamsu ba. Wannan rubutu cikon amsar ne.

Kada wani ya ɗauka raina inji nake yi. Tun 1997 injin Deep Blue na kamfanin IBM ya doke zakaran duniya na lokacin, Garry Kasparov, da maki 3½ da 2½, yana duba yanayin allo kusan miliyan 200 a daƙiƙa guda. Stockfish, injin ces da ke cikin wayarka yau, kyauta, ya fi wancan ƙarfi nesa ba kusa ba. Makin ƙarfi mafi yawa da ɗan Adam ya taɓa kaiwa shi ne 2882 na Magnus Carlsen a 2014, injuna kuwa a nasu jadawalin sun haura 3500. Babu wanda zai ja da su a kan allo. Amma lambar da inji ya nuna maka ta dogara da abin da ka shigar masa, da lokacin da ka ba shi, da kuma yadda kai ka karanta ta. A waɗannan ukun ne galibin ɓarna ke aukuwa.

Sunayen 'ya'yan kamar yadda muke faɗa a majalisa: sarki, sarauniya, ruk, bishof, doki, soja.

Mataki na ɗaya: shigar da wasan daidai

In a intanet ka buga, a Lichess ko Chess.com, wasan na nan a ajiye, sai ka buɗe shi kawai. In a allon katako ne, ka saba rubuta takunka a takarda kana bugawa, daga baya ka maimaita su ɗaya bayan ɗaya a allon bincike tun daga taku na farko.

Na ce tun daga na farko don dalili. Wanda ya jera 'ya'ya da hannu a tsakiyar wasa yakan manta abu uku da ba a gani da ido: wa ke da taku, wa ke da sauran damar yin kasil (takun da sarki da ruk ke yi tare don sarki ya fake a gefe), da ko akwai damar cin soja a wucewa (cin sojan da ya yi tsallen gida biyu kamar gida ɗaya ya taka). Abin da ya raba wayoyin nan biyu ke nan ranar Asabar. Mai +1.9 ya jera allon da hannu bai nuna wa injin cewa baƙi na da damar kasil ba, sai injin ya ɗauka sarkin baƙi ya maƙale a tsakiya. Da aka gyara, wayoyin suka kusa haɗuwa. Haka nan allon da aka jera da hannu bai san tarihin wasan ba, bai san an riga an maimaita yanayi sau biyu ba, alhali maimaitawa ta uku canjaras ce.

Mataki na biyu: kashe injin tukuna

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, ni ma na daɗe ina tsallake shi. Ka bi wasan da idonka kaɗai, minti goma ko sha biyar. Ka yi alama a wurare uku ko huɗu: inda ka daɗe kana tunani, inda abokin wasa ya yi takun da ba ka zata ba, da inda ka ji a jikinka wasan ya juya. A kowane wuri rubuta abin da ka yi niyya da abin da ka ji tsoro. Jimla ɗaya ta isa, kana kiran gidan allo da harafi da lambarsa, kamar "na ƙi cin sojan d5 saboda ina tsoron dokinsa ya shigo f4."

Inji zai iya gaya maka takun ya ɓaci. Ba zai iya gaya maka tunanin da ya haifi takun ba, kuma tunanin ne zai sake biyo ka wasa na gaba. Da zarar ka ga kibiyar inji, ƙwaƙwalwa sai ta ce "ai dama na gani," ko da ba ta gani ba. Shi ya sa ake rubutawa kafin a kunna.

Mataki na uku: shirya injin da wayar

Binciken da ake yi a allon Lichess a cikin wayarka yake gudana, da ƙarfinta. Wayar da ta tsufa, ko aka sa mata tsimin batir, ko ta yi zafi, lissafinta raguwa yake yi. A zafin Gombe na Maris da Afrilu, lokacin da awo ke taɓa digiri 40, waya kan rage gudun kanta don kada ta lalace. Cire mata riga, shiga inuwa, rufe sauran manhajoji. In ana ƙarancin data, DroidFish manhaja ce ta kyauta a Android mai ɗauke da Stockfish, ba ta buƙatar intanet. In kana da laftof, shi ya fi.

Sai ka nemi lambar zurfi, tana kusa da sunan injin. Zurfi 20 na nufin taku ashirin a haɗe, goma naka goma na abokin wasa. Kuma ba kowace hanya ce ya bi har ashirin ɗin ba. Duba lissafin: fari na da zaɓi 20 a takun farko. Bayan kowa ya taka sau ɗaya hanyoyi sun zama 400. Taku uku, 8,902. Taku huɗu, 197,281. Da irin wannan haihuwa babu na'urar da za ta bi komai, dole inji ya datse rassan da ya ga kamar ba su da amfani ya zurfafa a sauran. Ƙarfinsa daga datsewar yake, yawancin kurakuransa ma daga nan suke, domin wani lokaci reshen da ya yar shi ne mai 'ya'yan.

Ni dai a nawa aikin ba na kula lambar da ta fito ƙasa da zurfi 20. A wuraren da na yi wa alama ina jira ya kai 28 ko 30, ko in ba shi minti guda cur. Abin dubawa shi ne lambar ta natsu. In tana tsalle daga +0.3 zuwa +1.5 ta dawo, injin bai gama shawara ba.

Abu na ƙarshe a nan: buɗe layi uku, wato ya nuna maka zaɓinsa na ɗaya da na biyu da na uku. Hakan na ɗan rage masa zurfi tunda ya raba hankali, amma ribar ta fi asarar, za ka gani a gaba.

Mataki na huɗu: karanta lambar yadda take

Alamar tarawa ta fari ce, ta ɗebewa ta baƙi. In kai ne baƙi ka ga −2, murna za ka yi. Na ga wanda ya sallama wasa a zuciyarsa saboda ya karanta wannan a juye. In ka ga #4 ko M4, an ga hanyar kashe sarki cikin taku huɗu, wannan kam lissafi ne tabbatacce.

A da, +1.00 na nufin kamar fari ya fi da soja ɗaya, bisa tsohon ƙiyasi: soja 1, doki 3, bishof 3, ruk 5, sarauniya 9. Daga Stockfish 15.1 na ƙarshen 2022 an sauya ma'aunin. Yanzu +1.00 na nufin in injin ya buga da kansa daga nan, fari zai ci kusan rabin wasannin. Ka lura, inji da inji. Ba kai da abokinka a kan benci ana kiran ku shayi ba. Kuma tunda ma'aunin ya sauya, kada ka gwada lambar tsohon inji da ta sabo, ko ta Stockfish da ta Leela Chess Zero, ka ce ɗaya ya yi ƙarya. Mudunsu ne ba ɗaya ba. Ko inji ɗaya ne, in yana aiki da ƙwaƙwalwar na'ura fiye da ɗaya a lokaci guda, ka tambaye shi sau biyu zai iya ba ka +0.62 yanzu, anjima +0.55. Ba lalacewa ya yi ba, haka aikin yake.

Ga yadda nake auna faɗuwa. Bambancin da bai kai 0.5 ba, a matakinmu, ba na ɓata lokaci a kansa. Faɗuwa daga +9 zuwa +6 ba komai ba ce, har yanzu wasan naka ne. Amma daga +0.5 zuwa −1.5, nan aka yi ɓarin, nan za ka zauna.

Sai 0.00, lambar da ta fi yaudara. Wani lokaci tana nufin allo ya lafa. Wani lokaci kuma tana nufin gida na cin wuta, amma akwai wata siririyar hanya guda ta yi wa sarki cek, wato kai masa hari, ba ƙaƙƙautawa har a tashi kunnen doki. Nan layi uku ke amfani. In na farko 0.00, na biyu −0.1, na uku −0.2, zaɓi ya yi yawa, ka kwantar da hankali. In na farko 0.00 ne na biyu kuma −4, to a kan siraɗi kake, taku ɗaya ne tak ke tsirar da kai.

Mataki na biyar: yi masa tambayoyi

Kada ka tsaya kallon kibiya kamar mai kallon talabijin. Je wurin da ka yi wa alama, taka takun da ka so yi ka fasa, ka ga martaninsa. In ya ce takun bai da kyau kai kuma ba ka ga dalili ba, ci gaba da bugawa da shi, kana zaɓar abin da ya fi maka ma'ana, yana ba ka amsa, har ka kai inda ka ga asarar da idonka: doki ya tafi, ko sarki ya tsiraita. Sai ka koma baya ka faɗi dalilin da bakinka, da Hausa. In ba za ka iya bayyana wa ƙaninka shi ba, ba ka fahimta ba tukuna.

Dogon layin da yake jerowa kuma, taku uku ko huɗu na farko ne abin dogaro. Wutsiyar layin hasashe ne, tana sauyawa da zarar ka matsa gaba.

Wata dabara: fara binciken daga ƙarshen wasan ka riƙa ja da baya. Inji na ajiye abin da ya lissafa a ma'ajiyarsa ta wucin gadi, don haka in ya riga ya ga yadda harin ya ƙare, yakan gane haɗarin da wuri idan ka koma taku biyar baya. Binciken gaba ɗaya da shafukan ke yi cikin 'yan daƙiƙu ba shi da wannan natsuwar. Kowane taku ɗan lokaci kaɗan yake samu, shi ya sa wani lokaci zai sa wa takunka alamar kuskure, ka bar injin ya zurfafa a wurin sai ka ga ya janye maganarsa.

Mataki na shida: san wuraren da yake tuntuɓe

Na farko, iyakar hange. In sakamakon taku yana can gaba da inda lissafinsa ya tsaya, bai san da shi ba. An fi ganin haka a sadaukarwa, inda ake ba da ɗa yanzu ribar ta zo daga baya. A gasar Linares ta 1998 a Sifaniya, Alexei Shirov yana da baƙi a kan Veselin Topalov, a taku na 47 ya ɗauki bishof ɗinsa ya ajiye a h3, inda soja zai cinye shi a banza. Abin da ya saya da bishof ɗin lokaci ne: kafin fari ya farga, sarkin baƙi ya bi ta f5 ya isa e4, sojojinsa suka zama ba a iya tare su. Injunan wancan zamani sun daɗe ba sa ganin hikimar takun. Na yau sun fi su ido, musamman tun da Stockfish 12 ya shigo da ƙwaƙwalwar koyo a 2020, bayan wani inji mai suna AlphaZero ya nuna hanyar a 2017. Amma wayar da ke zurfi 15 ta fi kusa da tsofaffin nan fiye da yadda kake zato.

Na biyu, ganuwa, kuma nan ne na fi son mutum ya daɗe. Ganuwa ita ce yanayin da ɓangare ɗaya ya fi dukiya amma babu ƙofar shiga. Jera wannan ka gani: baƙi na da sarki a g8, soja a f7, ruk a e6. Fari na da sarki da sarauniya, sarkin yana can ƙasa bai tsallake layi na shida ba. Ruk ɗin zai yi ta kai da komo tsakanin e6 da g6, duka gidajen biyu sojan na tsare su, sarkin fari kuma ba shi da hanyar wucewa. Ƙidayar dukiya ta ce fari ya yi nisa, allo ya ce canjaras. Ko wannan: fari na da sarki, da soja a layin h, da bishof mai bin fararen gidaje, sarkin baƙi kuma ya riga ya zauna a h8. Gidan h8 baƙi ne, bishof ɗin ba zai taɓa korarsa ba. Tsofaffin injuna da ƙananan manhajoji kan nuna wa fari babbar lamba a irin waɗannan, har sabbin ma sukan ruɗe in 'ya'ya sun yi yawa kuma sojoji sun sarƙe juna.

Yadda ake gane ganuwa: lambar tana da girma amma ta ƙi motsi. Zurfi 25 ta ce +2.3, zurfi 35 ta ce +2.3, layuka ukun duk +2.3, kuma in ka bi takun sai ka ga sarauniya na yawo tana dawowa inda ta fito. Cin gaskiya hawa yake yi, +2 ya zama +3, ya zama +5, har a ga kisa. Lambar da ta tsaya cik hangen Dala ce, ba shiga birni ba.

Na uku, halin da taku kansa ne masifa, wato duk abin da ka taɓa ɓarna ne amma doka ta hana ka cewa "na wuce." Injuna na da wata gajeriyar hanya ta lissafi da ke ɗauka cewa yin taku ya fi rashin yi. An sa mata birki a injunan zamani, duk da haka a ƙarshen wasa mai 'ya'ya kaɗan ka ƙara masa lokaci kafin ka yarda.

Buɗin wasa kuwa, kada ka sauya salon da ka iya don inji ya ce wancan +0.3 ne naka +0.1.

Mataki na bakwai: in 'ya'ya sun rage bakwai, bar inji ka buɗe kundi

Duk yanayin da 'ya'yan da ke kan allo ba su wuce bakwai ba, har da sarakuna biyu, an riga an lissafe shi ƙarshe da ƙarshe. An fara kammala kundin 'ya'ya bakwai a Jami'ar Masko a 2012, wani kundin mai suna Syzygy kuma ya cika a 2018. A Lichess, danna hoton littafi a allon bincike, zai jero maka kowane taku da hukuncinsa: ci, canjaras, ko faɗuwa. Wannan ba ƙiyasi ba ne. In inji ya ce +3 kundi ya ce canjaras, kundi ke da gaskiya. Sai dai ka tuna dokar taku hamsin: in kowa ya yi taku hamsin ba a ci ɗa ba, ba a motsa soja ba, ana iya neman canjaras. Akwai yanayin da cinsa ke buƙatar taku sama da 500, wanda a gasa ba zai taɓa ciyuwa ba.

Mataki na takwas: raba takun inji da takun mutum

A 2018 a Landan, wasa na shida na gasar kambun duniya, Fabiano Caruana na da baƙi a kan Carlsen. Wata babbar kwamfuta a Norwe ta sanar cewa a taku na 68 akwai kisa cikin taku 30 in ya kai bishof h4. Hanyar ta haɗa da cusa doki a g1, lungun da kamar ya ɗaure kansa da kansa. Caruana bai gani ba, aka tashi canjaras, kuma manyan 'yan wasa da suka duba daga baya ba su zarge shi ba. Injin ya yi daidai, amma daidai ɗin da ba ta da amfani ga mai zaune a gaban agogo.

Don haka duk takun da inji ya nuna maka, tambayi kanka: da zan iya gano wannan da abin da na sani? In amsar e ce, ka bar doki a buɗe, ko ka manta layin bayanka ba kowa, wannan darasi ne. In amsar a'a ce, wuce. Kuma in kana +5, zaɓi na biyu mai sauƙi wanda ke musayar sarauniya ya bar ka +4 ya fi maka na farko mai +7 da ke buƙatar taku shida ba kuskure.

Mataki na tara: makin daidaito, da zargin maguɗi

Kason nan da ake nunawa bayan wasa, 85 ko 92 cikin ɗari, kowane shafi da yadda yake lissafa nasa. Ɗauki wasa ɗaya ka sa a Lichess da Chess.com, maki biyu za ka samu. Gajeren wasan da abokin karawa ya zubar da sarauniya a taku na 8 zai ba ka maki mai yawa ko da ba ka yi wata bajinta ba, doguwar fafatawa da gwani kuma ta ba ka 70.

Wani yaro ɗan sakandare daga Pantami ya taɓa cinye wani babba a majalisarmu ta intanet, aka ga 96, sai magana ta fara yawo cewa da inji ya buga. Da muka zauna muka bi wasan, taku goma na farko buɗi ne da ya haddace, bakwai na gaba kuma cin 'ya'yan da aka miƙa masa ne. Babban ya kira shi ya ce, "Ƙanena, ka yafe ni, na yi maka zato." Yaron ya ce, "Ba komai, Yaya," amma ya yi wata guda bai dawo ba. Wasa ɗaya ba ya zama hujja. In kana da shakka a wasan intanet, akwai wurin kai rahoto a shafin, su suna da wasanni da yawa da lokacin kowane taku da za su duba. Kai kuma kada ka kunna inji wasa na gudana, ko da a wata wayar ce, rufe akawun ake yi.

Mataki na goma: littafin kurakurai

Sayi ƙaramin littafin rubutu. Kowane wasa layi uku: lambar takun, abin da ka yi tunani a mataki na biyu, da abin da ya tabbata bayan ka tambayi inji. Darasi ɗaya ko biyu, kada su wuce haka. Bayan wasa ashirin karanta shi daga farko. Nawa ya nuna mini cewa sau bakwai ina fara hari a ɓangaren sarki kafin in fito da ruk ɗin a1, abin da babu binciken wasa guda da ya taɓa nuna mini. Yanayin da ka faɗi a ciki kuma, jera shi a allon katako bayan mako guda, waya na aljihu, ka ba kanka minti biyar ka nemo takun.